Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga dattawan ƙungiyar cigaban garinmu, daga ɗanku da ke Ingila

Assalamu alaikum warahmatullah. Baba Ciyaman, Baba Sarkin Noma, Allah shi gafarta Malam Liman, Kawu Ma'aji da sauran iyayena na kwamiti, Allah shi ba ku yawan rai shi ƙara girma. Ina gaisuwa a durƙushe, ya sanyi, ya jama'a, ya kuma haƙuri da mu.

Na san tun kafin a yi nisa da karatun nan wani zai ce yaron nan Turai ta ɓata shi, maganar da ya kamata a yi a zaure ko a waya ita ce ya zo ya baje a faifai kowa na gani. To ku yi mini afuwa, amma ba ni na fara kai ta kasuwa ba. A guruf ɗinmu na WhatsApp mai mutum kusan ɗari uku aka saka takardar nan da hatimi da sa hannun mutum bakwai, cewa kwamiti ya zauna ya yanke shawarar in dawo gida in riƙe ƙungiyar manoman shinkafa ta fadamarmu kafin a zuba irin rani, daga nan aka shiga tafi ana Allah shi taya riƙo, sai ka ce na riga na sauka filin jirgin Ambursa da akwatina a ka. Ba wanda ya tambaye ni. Yau kwana goma sha ɗaya ban ce uffan ba har an fara habaici, wani yaro da na ba shekara goma ya rubuta wai kowa ya bar gida gida ya bar shi, wani ya ce ai fam ta fi kishin gari zaƙi. Shi ya sa na ce bari in amsa a inda aka yi tambayar.

Habaicin yara bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, a daren da aka saka takardar, cikin mutum bakwai da suka sa hannu uku sun kira ni a waya, ba zan kama suna ba sun san kansu. Na farko ko gaisuwa ba mu ida ba ya ce mini "kai ɗan nan, kada ka kuskura, mi kaka biɗa nan? Zamna inda Allah ya aje ka, mu da ke nan mi munka samu?" Na biyu ya ce kada in damu, takardar ta ganin idon jama'a ce kawai don a san kwamiti na motsi. Na uku ya yi mini nasiha mai ratsa jiki a kan kishin ƙasa ta kusan minti ashirin, sannan ya rufe da cewa kuɗin makarantar yaransa biyu ya taso. Na tura, kuma ba gori nake ba, ubana ne, haƙƙinsa ne a kaina. Amma don Allah ku duba mini, da rana a gaban jama'a ku ce in dawo, da dare a waya ku ce in zauna, ni wanne zan bi? Idan na zauna na zama marar kishi, idan na dawo na zama wawan da ya zubar da arziƙin dangi. Gaba kura baya sayaki.

Baba Sarkin Noma shaida ne, ni ba talauci kaɗai ya kai ni gona ba, so ne. Tun ina firamare nake bin marigayi mahaifina fadama a bayan keke, kuma da na samu shiga Jami'ar Ɗanfodiyo a Sakkwato abokaina na rububin aikin likita da lauya ni da hannuna na cika fannin noma, har Inna ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, wai an kai ni boko don in fita daga laka na sake komawa cikinta da digiri. Lokacin da Shugaba Buhari ya zo nan Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa lamuni, ina cikin matasan da suka ɗauka gari ya waye mana. A ƙarshen 2016 shinkafarmu ta shiga kasuwannin Legas da sunan Lake Rice, a 2017 aka buɗe katafaren injin casa a Argungu, manyan motoci na layi ana lodin shanshera, yaran da ke tafiya cirani kudu suna gadi da turin baro suka fara zama gida da rani. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane abin da nake kewa ba.

Kuma kun tuna dariyar da aka yi mini. Ranar da na fara jiƙa iri a ruwan gishiri, na jefa ɗanyen ƙwai a bokiti har ya taso sannan na zuba irin faro 44 na kwashe duk wanda ya yi iyo na zubar, Baba Sarkin Noma ya riƙe baki ya ce "yau ga ɗan boko na yi ma shinkahwa miya". Da na ce a cire dashe tun yana kwana ashirin ko ƙasa da haka, a ja igiya a dasa a layi da tazarar kamu ɗaya, ƙwaya biyu ko uku a rami maimakon damƙi guda, ma'aikata biyu suka ajiye aiki suka tafi wai ba za su yi aikin mahaukaci ba. Gonar ta yi sati biyu kamar kan mai sanƙo, duk wanda ya wuce a babur sai ya rage gudu ya yi mini jaje. Da aka zo yanka, filin da mahaifina yake samun buhu talatin da 'yan kai ya ba ni sama da sittin. Washegari da asuba na tarar da Baba Sarkin Noma a bakin gonar shi kaɗai yana ƙirga reshen gindi ɗaya da yatsa, ya ɗago ya ganni bai ce komai ba sai cewa ya yi in kawo masa igiyar nan ya gani. Wallahi duk takardun da na tara a duniya babu wadda ta kai mini wannan safiyar.

To me ya fitar da ni? Kun sani, amma zan maimaita saboda yaran da ke rubutu a guruf. Shekarar 2020 ce. A watan Maris aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu a Matan Fada bayan kusan shekara goma ba a yi ba, muka sha kallo muka ce alheri ya dawo, ni kuma na ci bashi na faɗaɗa noman damina. Ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba ruwa ya zo, na sama kamar da bakin ƙwarya ga kuma wanda gulbin Rima ya kwaso, cikin kwana uku fadama ta zama teku. A kwalekwale na je gonata. Na sa hannu har kafaɗa cikin ruwa na tsinko zangarniya ɗaya da ta riga ta fara nono, saura sati uku a yanka, na riƙe ta ina kallo, mai tuƙin jirgin ya kau da kai don kada in ji kunya. Ba ni kaɗai ba ne, jiha guda ta yi kuka a shekarar, kuma da wannan kaɗai ne da na haƙura, manomi ai da asara aka san shi.

Abin da ya karya ni ya zo bayan kwana tara. Ɗiyata mai ciwon sikila, lokacin tana shekara huɗu, ciwon ya tashi mata da tsakar dare, ƙasusuwa na sara tana ihu tana cewa Baba ka cire mini ƙafar. Hanya ruwa ya cinye, a babur muka zagaya, uwarta ta rungume ta a baya. Asibitin da muka fara isa babu wuta, da fitilar waya nas ta nemi jijiya, aka ce jininta ya yi ƙasa sosai sai an ƙara, babu jini a ajiye, babu ledar ɗiba, sai da na tashi mai kemis daga barci, sannan na bi gida gida ina buga ƙofa ina neman mai irin jininta. Ban zargi ma'aikatan ba har yau, da abin da ke hannunsu suka yi aiki kuma Allah ya sa ta tashi. Amma a barandar asibitin nan, da laka har gwiwa, ga bashi a wuya, na yi wa kaina alkawarin da ban gaya wa kowa ba. A watan Satumban 2021 na sayar da filina na cikin gari da injin ban ruwa biyu na tafi digiri na biyu, daga baya iyali suka biyo ni.

Yanzu bari in gaya muku Ingilar da nake ciki, don wadda ake gani a hoto daban ce. Ni da na karanci ƙasa da iri, aikina yau shi ne kula da tsofaffi a wani gida a arewacin ƙasar. In yi musu wanka, in canza musu ƙunzugu, in ba su abinci a baki, in juya wanda ba ya iya juyawa duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Awa goma sha biyu a tsaye, yawanci diyutin dare. Ana biyan fam 12 da 'yan kwabbai a awa, ku kuna bugawa da kusan naira dubu biyu kuna cewa yaron nan ya haye, ba ku ganin haraji da kuɗin haya da na wuta da na gas ɗin ɗumama ɗaki da harajin ƙaramar hukuma, waɗanda kafin goma ga wata sun lashe fiye da rabi. Ba raina aikin nake ba, halal ne kuma akwai lada, na ma koyi haƙurin da ban san ina da shi ba. Amma a wanga lokaci na sanyi ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, in fita da duhu in dawo da duhu, azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu, wani satin ban ga rana da idona ba sam.

Akwai wani tsoho a ɗaki na ƙarshe, ya haura tamanin da biyar, ciwon mantuwa ya kama shi, ɗiyarsa ta cikinsa ma ba ya ganewa. Manomi ne, shanun madara ya yi kiwo duk rayuwarsa. Kullum ƙarfe huɗu na asuba sai ya farka ya fara laluben takalminsa a ƙarƙashin gado wai shanu na jira a tatse su, shanun da aka sayar tun kafin a haife ni ko kusa da haka. Sauran ma'aikata lallashinsa suke ya koma ya kwanta, ni kuwa na gano in na zauna na tambaye shi wace saniya ce ta fi ba da madara, wace ce mai harbi, sai ya natsu ya yi ta lissafo mini su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya har barci ya ɗauke shi. Mutumin da ya manta sunan matarsa bai manta na shanunsa ba. Ran nan ina gyara masa bargo ya kama hannuna ya juya tafin yana shafawa ya ce wannan hannun bai san aiki ba. Na shiga banɗaki na kulle na yi kuka mai isata, don gaskiya ya faɗa, kantar da ke tafina duk ta goge, hannuna ya yi laushi kamar na amarya.

Kada ku yi dariya, ko ku yi ma ba komai, bara na shuka shinkafa a bokitin fenti a bakin taga. Ta tsiro, ta yi kore shar, ta kai tsawon kamu biyu, kullum in na dawo aiki kafin in cire takalmi sai na leƙa ta. Ba ta taɓa fitar da kai ba, da Oktoba ta shigo ta yi rawaya ta kwanta. Uwar yara ce ta fitar da bokitin ranar da ba na nan don ta ce ta gaji da ganina tsaye a kansa kamar mai gaisuwar mutuwa.

Amma ga ɗaya gefen, kuma shi ne wanda masu habaici ba su sani ba. Yarinyar nan yanzu shekararta tara. Tana da likitanta na jini da ya san ta da suna, kullum tana shan maganin kariya daga ƙwayoyin cuta da wanda ke rage tashin ciwon, duk shekara ana sa na'ura a duba jijiyoyin kanta don gudun shanyewar ɓarin jiki, kuma ko kwabo ba na biya. Sau biyu ciwon ya tashi mata sosai a nan, sanyin ƙasar ma na tayar da shi, amma duka biyun kiran waya ɗaya na yi mota ta zo har ƙofa, ban buga gidan kowa neman jini ba. Tana zuwa makaranta, ta yi kumatu, har iyo ake koya mata a ruwan ɗumi. Ku gaya mini, iyayena, da wane bakin zan ce mata tashi mu koma saboda Babanki na kewar warin laka?

Kuma abin a ɗaure yake da juna. Bizar uwarta da tasu duk a jikin tawa suke rataye, ba zan iya cewa su zauna ni in dawo ba, ranar da na ajiye aikin nan an ba mu kwana 60 mu samu wani mai ɗaukar nauyi ko mu tattara. Ƙofar da na shigo ta ma an rufe ta a bayana, tun Maris na 2024 aka hana masu irin aikina zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka daina ɗauko sababbi daga waje gaba ɗaya, wato in na fita na fita ke nan. A lissafin da na shigo da shi shekara biyar ake yi a samu takardar zama na dindindin, nawa zai cika a 2028, sai ga shi a watan Mayun 2025 gwamnatinsu ta ce tana son mayar da shi goma, har ana maganar fiye da haka ga irinmu. Ga kuma abin da muka gani a Agustan 2024, bayan kisan yara mata uku a garin Sawusfot aka yaɗa ƙaryar cewa Musulmi ɗan gudun hijira ne ya yi, 'yan iska suka fito suna jifan masallatai, suka cinna wuta a otal ɗin da aka ajiye masu neman mafaka kusa da Shefil, uwar yara ta yi sati guda ba ta leƙa waje da hijabi ba. Don haka kwanciyar hankalin da kuke cewa ina ciki, akwai ta, ba zan yi wa Allah butulci ba, amma ta aro ce, kuma mai abu na iya karɓar abinsa ranar da ya ga dama.

Gidan kuma da ake ce mini in dawo, ku kuka fi ni sani, in kifi ya fito ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi ba mai musu. Ku kuka kira ni a Nuwamban 2024 kuna ba ni labarin Mera, yadda Lakurawa suka kore shanu mutanen gari suka bi sawu aka kashe sama da goma, Mera fa, nan ƙasar Augie, ba wata uwa duniya ba, inda muke zuwa cin kasuwa da ɗaurin aure. Da muna cewa abin na can ƙasar Zuru da Yawuri da Zamfara ne, lokacin da aka kwashe ɗalibai a Birnin Yawuri a 2021 muka yi addu'a muka ci gaba da harkokinmu. Ga na Maga kuma da ya faru a Nuwamban 2025, aka kwashe 'yan mata ɗalibai a ɗakin kwanansu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Sannan lissafin gona kansa, lokacin da nake ban ruwa litar fetur naira 145 ce, bayan cire tallafi a Mayun 2023 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu, taki ya yi tashin gwauron zabi, sannan aka buɗe ƙofar shigo da ta waje ba haraji farashin shanshera ya faɗo ƙasa warwas, mutum ya noma da tsada ya sayar da araha. Ba ina faɗa don in kushe gida ba ne. Uwata na nan cikinsa tana kwana tana tashi, kuma duk daren da na kwanta a ɗaki mai ɗumi na tuna haka sai in ji kamar na saci wani abu.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa, ni zan faɗa da ladabi. Mun ga yadda aka yi da yayanmu da ya dawo daga Malesiya da niyyar kafa ƙaramin injin casa. Watan farko ana ta zuwa sannu da zuwa, wata na uku aka fara raɗa wai koro shi aka yi, wanda bai ranci kuɗi wurinsa ba ya ranci buhu, da jarin ya ƙare waɗanda suka ci su ne suka fara cewa dama ba shi da kan kasuwa. Yanzu yana Abuja yana aikin da bai kai rabin iliminsa ba kuma ko sallah ba ya zuwa. Ni kaina shekara biyu da suka wuce na haɗa kuɗin ƙarin awoyi na wata huɗu na turo a sayi famfon sola guda biyu a gwada a fadama don a huta da fetur, har yau ban ga ko hoton kwalinsu ba, da na matsa aka ce wata lalura ta taso an yi biki da su za a mayar. Na yi shiru saboda zumunci. Amma a ce wanda aka kasa riƙe wa famfo biyu shi ake so ya taho da rayuwar 'ya'yansa ya damƙa, haba iyayena, ko ku ne ai kwa yi tunani.

Duk da haka ban ce a'a ba, kuma wannan shi ne abin da ke ba uwar yara haushi da ni. Ta ce mini ka faɗa musu gaskiya ka huta, ni kuma gaskiyar ita ce ban sani ba. Na yi istihara ba sau ɗaya ba. Akwai daren da zan duba kuɗin tikiti har in zaɓi rana, da safe in ga yarinyar ta sa rigar makaranta tana tsalle sai in goge. Ƙanenta da aka haifa ana gobe zan taho na nuna masa bidiyon Matan Fada, dubban mutane da homa da gora sun afka ruwa, ya tambaye ni da Turanci wai me ya sa mutanen nan ke faɗa a cikin kogi. Jikan Kabawa ke nan fa. Ranar ban iya cin abinci ba. Taura biyu ba ta taunuwa, na sani, amma duk wadda na ce zan tofar sai in ji ita ce rabin raina.

To ga roƙona. Shugabancin nan ku ba wanda ke ƙasa. Yaron da ya riƙe mini littafi da igiya tun yana sakandare, wanda yanzu shi ke duba gonar gidanmu, ya san duk abin da na sani a aikace har ya fi ni, don shi ya ga fadamar bayan fetur ya yi tsada ni ban gani ba, shi ya san wa ke biyan bashi wa ke gudu, ya san lokacin da jan baki ke sauka. Laifinsa ɗaya bai hau jirgi ba. Mun saba raina na gida mu ɗaukaka na nesa, shi ya sa kowane yaro mai ƙwaƙwalwa a garin nan burinsa ya yi fasfo. Ku naɗa shi, ku tsaya masa in manya sun so taka shi, ni kuma zan tsaya masa ta waya ko ƙarfe nawa ne, dama ba barcin dare nake ba.

Sannan a buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu ta kasance cikin matan da ke turara shinkafa don su suka fi mu iya riƙon kuɗi, kuma duk ƙarshen wata a saka abin da ya shiga da abin da ya fita a guruf ɗin nan da aka saka sunana. In an yi haka ni na ɗauki nauyin famfon sola na farko, kuma na san 'yan garinmu da ke Saudiyya da Kanada da nan Ingila da ke son sa hannu, tsoron rami marar ƙasa ne ya hana su. Filin gwajin iri da ake cewa za a ba ni a rubuta shi a takarda da shaidu da yawan shekaru, don na ga yadda gonar aro ke komawa ta gado da zarar ta fara kyau. Hutuna na shekara kwana 28 ne, na riga na nemi a haɗa mini shi wuri ɗaya, in Allah ya yarda zan zo lokacin dashe in shiga laka da ƙafata, daga nan ni da ku mu ga abin da ido zai gani. Maganar dawowa gaba ɗaya kuwa ku bar ni da ita ni da uwar yara da Ubangijina, kuma don girman Allah duk abin da mutum zai gaya mini a kanta ya faɗe shi iri ɗaya, da rana da dare.

Baba Sarkin Noma, wannan naka ne kai kaɗai. An ce mini irin da ke sito tun na bara ne kuma an ga ja-ja a cikinsa, ina tsoron ya gauraya. Kafin a zuba a sa yaron nan ya ƙirga ƙwaya ɗari daga tsakiyar buhu, ba daga baki ba, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ya ajiye inda ke da ɗumi yana yayyafa ruwa, bayan kwana bakwai a ƙirga waɗanda suka tsiro. In ba su kai tamanin ba kada a zuba shi, a kira ni mu san inda za a samo wani tun da sauran lokaci. A turo mini hoton tsumman a buɗe, ina son in gani da idona.

Zan tsaya nan, ƙarfe huɗu ta kusa kuma na ji motsin tsohon nan ya fara neman takalminsa. A gaishe mini da Inna, a ce mata maganin ƙafarta na hanya. Duk inda na yi kuskure ko na ɗaga murya a yafe mini, ɗa ba ya fi ƙarfin gyaran iyayensa.

Ɗanku,
daga arewacin Ingila.